Masu tafintar yaren Chana a Legas, in ajiye aikin kamfani in koma zaman kaina?

Sadiq Idi-Araba:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu aikin tafinta musamman na yaren Chana da sauran yarukan wancan ɓangaren ku taimaka min da shawara dan kaina ya ɗaure. Na koyi yaren a cibiyar Confucius ta jami'ar Legas nan Akoka, na ci HSK 4 wato mataki na 4 na jarabawar ƙwarewa a yaren, yanzu haka ina aiki a wani kamfanin roba na 'yan Chana a hanyar Ikorodu, ni ne tsakanin injiniyoyinsu da leburori, yawancin leburorin ma 'yan uwanmu ne Hausawa sai Yarbawa kaɗan. Alhamdulillah ana samun na abinci amma wlh albashin baya tafiya da wahalar, an ɗauke ni a matsayin tafinta amma ni ne ɗan aike, ni ne mai raka oga asibiti, ni ne mai zuwa Mile 12 sayo musu kayan miya, in aka tare motarsu a hanya ƙarfe goman dare ni za a buga wa waya kuma ba ko sisi a kai.

To a 'yan watannin nan sai wasu 'yan kasuwa suka fara nemana ranar Lahadi, wani yana so in saurari saƙon murya da mai kaya ya turo masa a WeChat, wani in raka shi Chana Tawun ta Ojota, akwai wani Alhaji mai kayan sola a Alaba da muka zauna da baƙonsa ɗan Chana wuni guda, abin da ya bani ranar ya kusa abin da nake samu a sati. Shine zuciyata take ta raya min in ajiye aikin nan in koma mai zaman kansa.

Abin da nake son sani, shin aikin yana isar mutum ya riƙe kansa duk shekara ko dai lokaci lokaci ne, sannan yaya kuke yanka farashi dan ni duk abin da aka miƙo min karɓa nake. Wanda yafi damuna kuma shine kamasho. Baƙon nan da muka zauna dashi bayan an tashi ya ja ni gefe yace in Alhaji ya sayi kayan akwai kasona a ciki, bance eh ba bance a'a ba. Abokaina suna cewa kowa haka yake yi kuma wai nan ne asalin kuɗin aikin yake, ni kuma abin ya tsaya min a rai. Na gode, Allah ya saka.

Baban Hanifa:

Wa alaikumus salam ƙanina Sadiq. Na daɗe a harkar nan, na yi ta kamfani na yi ta zaman kai, kuma shawarata kar ka ajiye aikin yanzu. Ba wai dan suna kyauta maka ba, abin da suke maka na sanshi kuma ba daidai bane, amma HSK 4 a tsohon tsari kalmomi wajen 1,200 ne, na 5 shine 2,500, na 6 ya kai 5,000, kuma ko mai na 6 ɗin ranar da ya fara tsayawa gaban inji sai gumi ya karyo masa dan jarabawa bata koya maka sunan bawul da fiyus da zafin da roba take narkewa. Kai yanzu kullum kana cikin masu maganar, kana jinsu cikin fushi da cikin gaggawa da ƙarar inji a kunnenka, wannan horon ba a sayensa a Akoka. Ka sayi ƙaramin littafi ka sa a aljihu, duk kalmar da ta wuce ka ka rubuta, da daddare ka nemo ta. Ka yi haka har ka ci HSK 5, ka haɗa da ta baka wato HSKK, kana cigaba da aikin Lahadin ka a gefe, ranar da ka ga kuɗin gefen ya dinga kamo albashin wata bayan wata to sannan ka rubuta takardar ajiye aiki cikin mutunci.

Wani abu da baka haɗu dashi sosai ba tukuna shine karin harshe. Malaman da suka koya maka daidaitaccen yare suke yi, amma mutanen da zaka tarar a Ojota da yankunan masana'antu na Firi Zon ta Lekki da Igbesa kowa da inda ya fito, mutumin lardin Fujiyan yana haɗa f da h, na Sichuwan da Hunan suna haɗa n da l, in kuma suka juya yaren garinsu a tsakaninsu ko kalma ɗaya ba zaka tsinta ba. Gwanzu ma da mutanenmu suke zuwa sari, yaren asalin garin Kantonis ne, daban yake da wanda ka koya duk da dai a kasuwa kowa yana jin naka. In haka ta faru a zama kar ka ji kunya, ka juya ka gaya wa wanda ya ɗauke ka cewa sun koma yaren garinsu ban ji abin da suka ce ba. Hakkinsa ne ya san cewa an yi magana a gabansa da bata iso shi ba.

Sai lissafi, nan ne tafintoci suke karya mutane ba da niyya ba. Su da dubu goma goma suke ƙirga, wan ɗaya dubu 10 ne, in yace wan 30 to dubu 300 kenan, abin da suke kira yi kuma miliyan 100 ne. Ma'auninsu da suke kira jin rabin kilo ne, gongjin ne cikakken kilo, kaga in ka ɗauki farashin jin a matsayin na kilo ka ninka wa mutum asara. Ragi ma a juye suke faɗarsa, in yace zhe 8 yana nufin zaka biya kashi 80 cikin ɗari, ragin kashi 20 ne. Ni duk adadin da aka faɗa a zama sai na rubuta shi da lamba a takarda ko a kalkuleta na juya wa kowa ya gani ya gyaɗa kai, tare da cewa yuwan ne ko dala ko naira, kafin a wuce gaba.

Maganar ko aikin yana isa, lokaci lokaci ne, kar wani ya ruɗe ka. Manyan ayyuka irin layin dogon Legas zuwa Ibadan da aka buɗe 2021 da tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe 2023, waɗannan kamfanonin da tafintocinsu na albashi suke aiki. Abincin mai zaman kansa yana wajen ƙanana, mutum ya sayo injin fiyawata ko na casar shinkafa an turo masa injiniya zai haɗa cikin sati biyu, ko ɗan kasuwa zai je baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, yana son a shirya masa magana da masu kaya kafin ya tashi. Amma in sabuwar shekararsu ta zo, tana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu can suna rufewa, na nan ma da yawa suna tafiya gida, wayarka zata yi shiru sati uku ko fiye, kuma mai gidan haya baya jin wannan bayanin. Dole ka iya ajiye kuɗin wata mai kyau dan wata mara kyau.

Farashi kuma kar ka yanka da awa a garin nan, goslo zai cinye ka. Wuni ko rabin wuni, wuni awa 8 ne, abin da ya ɗora a kai ana biya daban, kuɗin mota da abinci da masauki in za a kwana duk akan mai aiki, kuma rabi ya shigo asusunka kafin ka baro Idi-Araba. Ka faɗi kuɗinka kafin aiki da bakinka, daina cewa duk abin da ya sauwaƙa Alhaji. Masu turo saƙon murya kuma ka yanka musu na wata, ka gaya musu lokacin da kake amsawa, dan Chana tana gabanmu da awa 7, ƙarfe tara na safe a can ƙarfe biyun dare ne a nan, in baka sa iyaka ba baka ƙara barci.

Yanzu kamasho. Ni bana karɓa kuma ina roƙonka kar ka fara. Dalilina ba wai dan kuɗin bashi da daɗi ba, dalilin shine daga lokacin da samunka ya rataya akan sai an yi cinikin, harshenka zai fara laushi kai kanka baka sani ba. Alhaji zai tambaya batirin nan zai kai shekara biyar, baƙo yace ya kamata dai ace ba matsala, yana kauce wa alƙawari, kai kuma ka juyo kace Alhaji yace ba matsala. Baka yi ƙarya da gangan ba amma ka cire shakkar da mutumin ya sa a maganarsa, kuma shakkar nan ita ce abin da Alhaji ya biya ka ka jiyo masa. Sannan kason da yace zai baka ba daga aljihunsa zai fito ba, akan kayan Alhaji zai ɗora. Ka je ka sami Alhajin ka gaya masa abin da aka maka tayi, yau ko gobe, kar ka bari ya ji a wani bakin.

Alhajin Riɗi:

Salam. ni ba tafinta bane ni mai ɗaukar tafinta ne, riɗi nake kawowa daga Dawanau da Maigatari sai kashu in lokacinsa yayi daga Ogbomosho da Kogi, ina sayar wa 'yan Chana da Indiyawa da 'yan Biyetnam anan Legas, shiyasa nace bari in sa baki dan ku ji yadda abin yake daga ɓangarenmu.

Malam Baban Hanifa ka yi magana mai kyau Allah ya ƙara basira amma akan kamasho ina da ɗan gyara, la'ada ba haram bace, a Dawanau da kara da ko'ina dillali yana cin la'adarsa kuma kowa ya sani kuma albarka ake sa masa, abin da ya ɓata naku shine ɓoyewa. In yaro yazo yace min Alhaji ni na nemo maka mai sayen nan, ni zan bi maka kaya har a loda, kasona kaza ne a tan, wallahi da hannu biyu zan bashi dan ya yi aikin dillali. Amma in na ɗauke ka na biya ka kuɗin wuni dan ka zama kunnena da bakina sannan ka zagaya ka karɓa a wajen wanda nake ciniki dashi to ka ci amanata ko da kayan sun fito lafiya. Saboda haka yaro ka zaɓa tun kafin a zauna, yau tafinta kake ko dillali, ka faɗa a gaban kowa, in dillali ne kai to ni zan san yadda zan auna maganarka.

Abu na biyu ku koyi kaya ba yare kaɗai ba. Ka zo sito a Ijora ranar gwajin kashu ka gani, mai duba kaya zai soka buhuna da dama ya haɗa ya auna kilo ɗaya, ya ƙirga ƙwaya nawa ce a ciki, sannan ya zauna ya yanka kowace ɗaya biyu ya ware mai kyau gefe, mai tabo gefe, wadda bata ƙosa ba gefe, ruɓaɓɓiya gefe, ya auna ya buga lissafi ya fitar da fam nawa na ƙwaya mai kyau za a samu a buhu mai kilo 80. In yace 46 ni kuma na san kayana sun kai 48 wannan biyun kuɗi ne masu yawa a kowane tan, kuma rigimar akan 'yan ƙwayoyin da ya tura gefen masu tabo take, to tafintan da bai san me ake yi a tabarmar nan ba yana tsaye yana duba waya me zai faɗa min. Haka riɗi, danshi nawa, datti kashi nawa, fari ne ko gauraye, waɗannan su ne maganar.

Masu cewa fassarar waya ta kashe aikinku kuma ni ina amfani da ita kullum, gaisuwa da turo hoton kaya da lambar kwantena duk tana yi, amma ranar da kaya suka isa can akace danshi yayi yawa za a zaftare kuɗi, ranar mutum nake nema wanda zai kira ya ji muryar mai maganar ya gaya min wannan da gaske yake ko ciniki yake sabuntawa. Kuma ni dai har yau ban haɗu da Bahaushe mai jin Biyetnamanci ba, da turancinsu da namu muke lallaɓawa, alhali su da Indiya su ne manyan masu sayen ɗanyen kashunmu, duk yaron da ya koyi wannan yaren ni kaɗai ma zan riƙe shi daga Fabrairu zuwa Mayu.

Maman Iman:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanina Sadiq kowa yana maka maganar tafinta ta baka, bari in tuna maka akwai ta rubutu, ni ita nake yi daga gida a Agege saboda yara, kuma ita ce take riƙe mutum lokacin da zaman ciniki ya ɗauke. Takardar yarjejeniya, takardar rajistar kamfani, littafin bayanin inji, rubutun jikin kwali da za a kai NAFDAC, sakamakon gwajin kaya na SONCAP wato shaidar ingancin kayan da ake shigowa dasu, takardun makaranta na ɗalibai masu dawowa, duk suna zuwa. Amma sai karatunka na haruffa yayi ƙarfi, mai HSK 4 yarjejeniya zata bashi wuya sosai, kar ka karɓi abin da ya fi ƙarfinka dan kunyar cewa a'a. Ka kuma lura rubutun iri biyu ne, babban yankin Chana sauƙaƙƙen suke amfani dashi, Taiwan da Hong Kong tsohon, ka tambaya ina takardar zata je kafin ka fara. Kuɗi kuma ni da shafi nake yankawa ko da adadin haruffa dan rubutunsu ba tazara tsakanin kalmomi.

Akwai abubuwan da in ka sansu 'yan kasuwa ba zasu sake ka ba. Sunan kamfani na gaskiya a wajen hukumarsu shine wanda aka rubuta da haruffansu, na turancin kowa yana iya laƙaba wa kansa. Takardar rajistarsu tana da lamba mai gurbi 18 da ake iya bincikawa a shafin gwamnatinsu a ga ko kamfanin yana raye kuma me aka bashi izinin yi. Jan hatimin nan mai zagaye shine yake ɗaure kamfani, saboda haka ka duba sunan da ke cikin hatimin ya zama ɗaya da na rajista ɗaya da na wanda za a tura wa kuɗi. In yarjejeniya yare biyu ce ka nemo layin da yace wanne za a bi in an samu saɓani, sau da yawa nasu ne, kuma na sha ganin na turancin yace abu kaza nasu ya ɗan bambanta a ranar kawo kaya ko wanda zai biya in kaya suka lalace. Kai ba lauya bane, kar ka ce wa mutum sa hannu ko kar ka sa, ka nuna masa wurin kace ya kai wa lauyansa.

Abin da yake ci min rai yanzu shine masu zuwa da fassarar na'ura suce Hajiya ɗan dubawa kawai zaki yi, su miƙo kwatan kuɗi. Dubawar nan sai na karanta asalin layi layi, aikin ɗaya ne, wani lokacin ma gyaran ya fi sabon wuya. Bana ƙin na'ura, nima ina sa ta ta yi min zubin farko a littafin inji, amma sunana ne a ƙasan takardar.

Kuma kar ka raina Hausarka. Kowa yana iya haɗa Chana da turanci, Yarbawa da Inyamurai masu HSK 6 suna nan da yawa, amma mai kai magana kai tsaye daga yaren Chana zuwa Hausa mai kyau kaɗan ne. Su sun san darajar Hausa, gidan rediyonsu yana watsa shiri da ita tun 1963, ana koyar da ita a jami'ar harsunan waje ta Beijin, wayoyin Tecno da Itel ma akwai Hausa a ciki, wani ne ya zauna ya rubuta.

Na ƙarshe dan Allah ka san aikin da zaka shiga. A Disambar 2024 EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Victoria Island akan damfarar intanet, 148 daga ciki 'yan Chana ne, da yawan sauran kuma matasanmu ne da aka ɗauka aiki. In aka kira ka da albashi mai tsoka ba a gaya maka me kamfanin yake sayarwa ba, ko akace zaka buɗe musu asusu ko ka yi rajistar layi da sunanka, tashi ka tafi. Aikin kotu da ofishin 'yan sanda shima yana zuwa dan sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma damar samun tafinta kyauta in baya jin yaren da ake shari'a dashi, amma wannan rantsuwa ake yi kuma 'yancin mutum ne a bakinka, ka bar shi sai ka ƙware.

Nura Ɗan Delhi:

Ni a Indiya na yi karatu, ina jin Hindi sosai, amma gaskiya a Legas kasuwarta bata kai ta Chana ba ko kusa. Indiyawan Ilupeju da masu kamfanoni duk suna turanci, kuma da yawansu ma Hindi ba yaren gidansu bane, akwai Tamil akwai Gujarati akwai Sindi akwai Telugu. Inda nake samu shine in an kawo masu gyaran inji da turancinsu bai nuna ba, sai kuma marasa lafiya masu tafiya asibiti Delhi ko Chennai, in shirya musu takardu in zauna a waya tsakanin likita da dattijon da Hausa kaɗai yake ji, Chennai ɗin ma Tamil ake yi sai dai turanci ya cece mu. Lissafin da Yaya Baban Hanifa ya faɗa muma muna dashi, lakh dubu 100 ne, crore miliyan 10, kuma a cikin turancinsu ma haka suke faɗa, mai jinya ya ji lakh 5 ya ɗauka ƙaramin abu ne.

Harkar asibiti kuma kamashon ya fi na kasuwa muni, akwai masu tura mara lafiya inda za a basu kaso ba inda ya dace da ciwonsa ba, mutum ya sayar da gona ya tafi. Ina bayan Alhaji, a faɗa a fili. Masu sha'awar Koriyanci akwai cibiyar al'adunsu a Abuja, jarabawarsu TOPIK, ta Japananci kuma JLPT daga N5 zuwa N1, ni dai a ganina aikinsu kaɗan ne anan amma masu yi ma kaɗan ne.

Sadiq Idi-Araba:

Wlh na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira Alhajin na gaya masa, yace in same shi shago ranar Lahadi mu yi magana. Aikin kuma zan riƙe zuwa in ci HSK 5 in sha Allah. Saura abu ɗaya Yaya Baban Hanifa wanda shine yake sa ni son gudu tun farko. In oga ya zagi lebura ko yace za a yanke masa kuɗin rana ni nake faɗa, sai 'yan uwa su ɗauka da bakina a ciki, har a masallaci wasu basa amsa min sallama da kyau. In kuma leburori suka yi ƙorafi na kai, oga yace ina zuga su. Zagin in fassara shi yadda yake ko in sassauta?

Baban Hanifa:

Wannan duk wanda yayi tafintar masana'anta ya ɗanɗana, ka yi haƙuri ƙanina. Ka raba abu biyu. Duk abin da ya shafi hakki, yanke kuɗi, kora, ƙarin awa, gargaɗin hatsarin inji, wannan ka faɗe shi cif yadda aka faɗa ba ragi ba ƙari, ko zai yi ɗaci, dan in ka sassauta lebura zai tafi gida yana zaton wasa ne sai ƙarshen wata ya ga kuɗinsa ba daidai ba, kuma kai zai riƙe. Haka in lebura yace safar hannu ta yage ko injin yana jan wuta, ka kai shi da nauyinsa, in oga ya share ka maimaita, ka rubuta rana da lokaci a littafinka.

Zagi kuma ni bana maimaita ashar da bakina amma bana ɓoye cewa an yi. Sai ince ransa ya ɓaci sosai kuma ya faɗi kalmar da bata dace ba, abin da yake so shine kaza. In wanda aka zaga yace sai na gaya masa me akace, zan gaya masa dan shi aka faɗa wa. Shi kuma ogan ka same shi shi kaɗai lokacin da ya huce, kar a gaban mutane dan suna da tsananin kiyaye mutunci a idon mutane, ka fahimtar dashi cewa a wajenmu zagin iyaye ko nuna dattijo da yatsa a gaban yara yana iya tsayar da aikin gaba ɗaya, da yawansu basu sani bane kuma in suka gane asara ce suna gyarawa.

'Yan uwa kuma ka tara manyansu bayan sallar azahar ka yi musu bayani sau ɗaya, cewa duk abin da suka ji daga bakinka a filin aiki na oga ne, duk abin da suka faɗa kuma zaka kai shi yadda yake, saboda haka wanda baya son magana ta isa kar ya faɗe ta a gabanka lokacin aiki. Ka dinga tsayawa a gefe in kana fassara, kar ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da oga kana fuskantarsu, su biyun su kalli juna. In za a yi maganar kora ko yanke albashi kuma ka nemi a kira sufabaiza ko wakilin leburorin ya tsaya, a rubuta a takarda da turanci kowa ya sa hannu, kai ma ka ɗauki hotonta ka ajiye.